Ƙarafar Alƙahira: titi ko kushewa?

Abban Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganata da masu zuwa Masar ce, ko neman magani ya kai ku, ko sari, ko karatu. Yawancinmu in mun sauka Alƙahira, daga asibiti sai kasuwar Ataba, ranar da za a taso a kai mu dalar Giza a hau raƙumi a ɗauki hoto, shi ke nan an ga Masar. Alhali ainihin garin yana gabas, daga Babul Futuh, ƙofar tsohuwar ganuwa, har gindin dutsen Muƙaɗɗam, kuma wani yanki nasa ana cinye shi a kan idonmu.

Ƙarafa nake nufi, maƙabartar da aka fara binne Musulmi a cikinta tun zamanin Amru ɗan Asi, wanda ya kafa Fusɗaɗ, birnin Musulmi na farko a Masar, wajen 641. Gari ne guda, da tituna da lunguna da masallatai da ƙubbobi, ya miƙe kilomita da yawa a gefen birni. Imamu Shafi'i yana can, Laisu ɗan Sa'adu yana can, Suyuɗi yana can. A 2020 aka fara fasa bangayen kaburbura a ɓangaren arewa don faɗaɗa titi, a 2023 katafila ta shiga ɓangaren Imamu Shafi'i. Ana aika wa iyalai su zo su kwashe ƙasusuwan iyayensu. A wurina wannan asara ce da kuɗi ba ya mayarwa. Ina so in ji ta bakinku, musamman mazauna can.

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam Malam. Na ji zafin da ke ranka, amma ni ɗaya ɓangaren zan tsaya. Alƙahira da kewayenta mutum sama da miliyan 20 ne. Maƙabartar nan tana kwance ne tsakanin tsohon gari da unguwannin gabas: Madinatu Nasr, Sabuwar Alƙahira, da sabon babban birnin da suke ginawa a hamada, wajen kilomita 45 daga gari. Duk mai fita aiki ta nan zai ratsa. Wanda ya taɓa maƙalewa a titin Salah Salim da azahar da mara lafiya a mota ya san abin da nake faɗa. Shi kansa Salah Salim ɗin ta cikin maƙabartar aka fasa shi zamanin Jamal Abdul Nasir, yau wa zai ce a rufe shi? Sannan hukumominsu sun ce ba su taɓa ginin da ke cikin rajistar kayan tarihi ba, kuma ana ba iyalai wuri a sababbin maƙabartu a bayan gari. Rayayye ma yana da haƙƙi.

Zainab A.:
Yaya Injiniya, maganar rajistar nan ita ce inda gizo ke saƙar. Zanen gine-gine na karanta, kuma wannan batun ya daɗe yana damuna. Abin da ke cikin rajista 'yan ƙubbobin sarakuna ne na zamanin daular Mamalik da makamantansu. Ɗaruruwan gidajen kabari na ƙarni na 19 da farkon na 20 ba a taɓa rubuta su ba, don haka a takarda ba kayan tarihi ba ne, sai a rushe a ce ba a taɓa komai ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba: kowane iyali suna da shingaggen fili, suna ce masa haush. Za ka ga ƙofar ƙarfe ko ta katako da sunan gidan a sassaƙe a dutse, ka shiga ka tarar da tsakar gida, da ɗaki ɗaya ko biyu na masu ziyara. Mamatan suna ƙarƙashin ƙasa a ɗakin da ake sauka ta matakala, maza gefe, mata gefe. A sama akwai allunan marmara da manyan gwanayen rubutu na zamaninsu suka rubuta. In ka rushe irin waɗannan guda hamsin ka bar ƙubba ɗaya tsaye tsakanin gadoji biyu, me ka adana? UNESCO da ta sa tsohuwar Alƙahira cikin kayan tarihin duniya a 1979, unguwa ta sa, da lungunanta da maƙabartunta.

Malam Nuhu:
Ni abin da ya ba ni mamaki, ana ta kukan ƙubba kamar an manta hukuncin gini a kan kabari. Hadisin Sayyidina Aliyu yana cikin Muslim, cewa kada ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Imamu Shafi'in da kuke ambata, shi da kansa ya ce ya ga shugabanni a Makka suna rusa abin da aka gina a kan kaburbura, kuma bai ga malamai sun aibata hakan ba. To ƙubbar da aka ɗora masa, ya ce a ɗora? Ya rasu a 820, ƙubbar sai a 1211 Sarki Alkamil ya gina ta. Kusan shekara 400 tsakani.

Malam Tukur:
Allah ya gafarta Malam, hadisin da ka kawo ingantacce ne, maganar Shafi'i ma haka take, ba mai ja da kai. Amma abu biyu ne a nan. Daidaita gini daban, tone mamaci daban. A mazhabarmu ta Malikiyya kabari hubusi ne, wato wakafi, ga mai shi, ba a tafiya a kansa, ba a tone shi muddin akwai sauran wani abu nasa a ciki, sai da lalura. Ga kuma hadisin cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Wanda ya turo katafila ba don raya sunna ya turo ta ba, titi yake so. Tambayar da ta rage ita ce, lalurar ta kai? Babu wata hanyar?

Kuma mu da muka tashi da karatun fiƙihun Malikiyya muna da iyaye a wurin nan. Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik wanda yawancin mas'alolin mazhaba suka zo ta hannunsa, a Ƙarafa yake kwance, da Ashhabu kusa da shi. Misirawa suna kiran wurin Sadatul Malikiyya. Ɗalibanmu nawa ne suka gama Azhar suka dawo ba su san yana nan ba?

Malam Nuhu:
A kan tone mamaci ba lalura muna tare, Malam. Ni dai kada a mayar da ƙubbar ita ce abin kuka.

Shugaban Zaure:
Malamai Allah ya saka da alheri, kowa ya kawo hujjarsa cikin ladabi. Sai dai a tsaya nan kan wannan, kada a koma rigimar da muka sani. Maganar gari da gine-ginensa ake yi.

Maman Ilham:
Ni a Hayyul Ashir nake zaune da yara, abbansu yana karatu. Abin da ba ku taɓo ba shi ne Ƙarafa akwai rayayyu a ciki, kuma ba jiya suka zo ba. Akwai masu gadin kaburbura da suka gaji aikin kaka da kakanni, akwai talakawan da tsadar haya ta koro. Wata maƙwabciyarmu Bamisiriya takan je ziyarar mahaifiyarta ranar Juma'a, ni ma nakan raka ta. Takan tafi da kwandon gurasa da dabino da lemu, ta raba wa yaran wurin sadaka, a kira mai karatu ya zauna ya yi tilawa. Matar da ke kula da haush ɗin nasu tana da igiyar shanya daga bishiya zuwa jikin bangon kabari, da risho a bakin ƙofa tana dafa shayi, jikanta yana aikin makaranta a kan dakali. Ta share wurin fes, ta zuba wa shuke-shuke ruwa. Ba na cewa zaman daɗi ne, ruwa da magudana duk wahala suke ba su. Amma ta ce mini duk 'yan'uwanta da kasuwarta da makarantar yara a nan suke. In an ba ta ɗaki a can ƙarshen gari, me za ta ci?

A ɓangaren arewa kuwa, kusa da masallacin Ƙaitbai, akwai masu hura gilashi. Ƙaramin shago ne baƙi ƙirin da hayaƙi, wuta tana ci, mutum ya tsoma dogon bututun ƙarfe ya ɗebo narkakken gilashi, ya hura, ya juya, kafin ka ankara ya zama kofi shuɗi. Fasassun kwalabe suke narkarwa.

Hajiya Rabi:
Ikon Allah. Ni da nake zuwa sarin abaya da takalma, iyakata Ataba da Muski da Khan Khalili, in yi salla a masallacin Husaini in koma masauki. Wallahi ban san da wannan duka ba. Kuma in gaskiya za a faɗa, ina ɗan goyon bayan Injiniya, don cunkoson garin nan yana cinye wa mutum yini guda.

Abban Sumayya:
Hajiya, buɗe jakarki ki duba canjin da ya rage miki. Takardar fam 1, masallacin Ƙaitbai ne a jiki, wanda Maman Ilham ta ambata. Fam 5 masallacin Ibn Ɗulun. Fam 100 masallacin Sultan Hasan. Ƙaitbai ɗin nan a tsakiyar maƙabarta yake, an gama shi a 1474. Ki tsaya a gindin ƙubbarsa ki ɗaga kai: dutse ne zalla, amma an sassaƙa masa zane hawa biyu, taurari masu kusurwa a sama, ganye da reshe suna ratsawa ta ƙarƙashinsu, ka ce aikin allura ne a ƙirjin babbar riga. Kowane dutse sai da zanensa ya haɗu da na maƙwabcinsa, ga shi jikin ƙubba yana tsukewa in ana hawa sama.

Khan Khalili kuwa da kike sari, tun da an zo nan dole in faɗa ko da zai ƙarfafi Injiniya: a kan maƙabarta aka gina ta. Nan ne makwancin halifofin Faɗimiyya, su da suka kafa Alƙahira a 969. Wajen 1380 da 'yan kai wani babban bafaden Sultan Barƙuƙ, Jaharkas Alkhalili, ya tone su, aka zubar da ƙasusuwan a juji bayan ganuwa, ya gina masaukin fatake a wurin.

Injiniya Kabiru:
To ka gani, Malam. Allah ya saka maka da adalci. Kowane zamani yana rushe na gabansa ya gina nasa. Khidewi Isma'ila, mai mulkin Masar, a shekarun 1870 ya fasa titin Muhammad Ali daga Ataba har gindin Ƙal'a, tsohuwar fadar sarakuna da ke kan tudu, gidaje ɗaruruwa suka tafi, har da masallatai. Yau titin nan shi ma tarihi ne, ana zuwa kallonsa. Me ya sa namu zamanin ne kaɗai za a ɗaure wa hannu?

Zainab A.:
Don an yi a da ba ya zama hujja, Yaya. Abin da Jaharkas ya yi, malaman tarihin Masar ɗin da kansu a matsayin abin ƙi suka rubuta shi. Kuma ka dubi girman abin. Mai gatari da jaki shekara yake yi yana rushe unguwa ɗaya, katafila mako take buƙata. Sannan Khan Khalili ta shekara sama da 600 tana ciyar da mutane. Gadar sama in ka ƙara mata layi, motoci ƙaruwa suke yi su cika ta, kai ka fi ni sanin wannan.

Kuma ai a garin nan ma an taɓa zaɓar wata hanyar. Da cunkoson titin Azhar ya yi yawa, rami suka haƙa ta ƙarƙashin tsohon gari, wajen kilomita 2.6 daga dandalin Opera zuwa Salah Salim, aka buɗe a 2001. Motoci suna wucewa ta ƙasa, masallatai suna nan a sama. Ga kuma lambun Azhar. Juji ne na shekara 500, tudu guda. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta yi lambu mai hekta 30, aka buɗe a 2005. Garin kwashe sharar aka tono ganuwar zamanin Salahuddini mai tsawon kilomita ɗaya da rabi, wadda juji ya binne. Aka ɗauki samarin unguwar Darbul Ahmar aka koya musu sassaƙar dutse da aikin katako suka gyara ta. Wannan ma ai cigaba ne.

Injiniya Kabiru:
Ƙanwata, rami na ninka gada kuɗi nesa ba kusa ba, kuma a maƙabartar da ɗakunan mamata ke ƙarƙashin ƙasa, mashiga da mafitar ramin ma sai sun ci wani wuri. Ƙasar da bashi ya yi wa katutu ba ta da wannan sukunin. Na yarda a karkatar da titi inda zai karkatu, na yarda a auna a ɗauki hoton komai kafin a taɓa, a cire allunan marmara a adana. Amma a ce kada a taɓa ko'ina, ban yarda ba.

Maman Ilham:
Allunan nan ma yawanci 'yan sa-kai ne ke bin bayan katafila suna tsintowa daga cikin ɓaraguzai, likitoci da malamai da ɗalibai, suna ɗaukar hoto suna rubuta sunaye. Da tun farko hukuma ta yi abin da ka faɗa, da kukan bai kai haka ba.

Hajiya Rabi:
To ni yanzu ku ba ni hanya. In na gama sari ina da rabin yini, ta ina zan fara? Kuma mace ita kaɗai za ta iya?

Abban Sumayya:
Za ki iya, Hajiya, da safe dai ya fi, kuma Ƙarafa kam ki nemi 'yar rakiya. Tun da kin san Husaini, ki tsallaka titin Azhar ki bi ta tsakanin gine-ginen Sultan Ghuri ki yi kudu. Za ki iso Babu Zuwaila, ƙofar ganuwa ta 1092. Hasumiyoyi biyu da ke kanta na masallacin Mu'ayyad ne da ke jikinta. Shi Mu'ayyad ɗin a kurkukun da ke wurin aka taɓa tsare shi, ya yi bakance in Allah ya fitar da shi zai mayar da wurin masallaci, da ya hau mulki ya cika. A ƙofar nan ne kuma Turkawa suka rataye Ɗuman Bai, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. Ana hawa sama, in gwiwa za ta bari.

Kina fita ƙofar ki miƙe, za ki shiga Khayamiyya, kasuwa mai rufin katako ta wajen 1650. Wannan kam taki ce. Maɗinka ne zaune a kan dakali a ƙananan shaguna, ƙafa a naɗe, suna yanka ƙyalle kala-kala suna ɗinke shi da hannu a kan zane mai kauri. Asalin aikinsu rumfunan biki da zaman makoki ne.

Amma in abu ɗaya kaɗai za ki gani, ki hau adaidaita-sahunsu ki ce Ibn Ɗulun. An gina shi daga 876 zuwa 879, ya girmi Azhar da kusan ƙarni guda, kuma yana nan kusan yadda aka gina shi. Jan bulo ne da farar ƙasa, babu ginshiƙan marmara da aka ciro daga wasu gine-gine. Kafin ki shiga masallacin akwai wani fili tsakanin bango biyu da ya zagaye shi ta gefe uku, an yi shi ne don ya raba mai salla da hayaniyar kasuwa, kuma har yau yana aikinsa: kina tsallaka ƙofa ta biyu ƙarar hon ta yanke. Tagoginsa sama da 120 ne, kowace da irin saƙarta. Ƙarƙashin rufi akwai allon katako da ya zagaye masallacin, an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani da rubutun Kufi. Hasumiyarsa matakalarta ta waje take nannaɗe ta, irin ta Samarra a Iraƙi, inda Ibn Ɗulun ya tashi. Akwai lokacin da aka yi watsi da shi har alhazan ƙasashen Magrib na Arewacin Afirka suka mayar da shi masauki. Lajin, wani bafade da ake nema ruwa a jallo, a kangonsa ya ɓuya, da ya zama sarki a 1296 ya gyara shi. Ƙubbar tsakar gidan tasa ce.

Abu ɗaya da nake so ki lura da shi a hanya: a kusurwar tituna za ki riƙa ganin gini mai manyan tagogin tagulla a ƙasa, da baranda a sama. Sabil-kuttab ke nan. Ƙasa ruwan sha ne kyauta ga mai wucewa, sama makarantar allo ce ta marayu, duka daga wakafin mutum ɗaya. Mafi shahara shi ne na Abdurrahman Katkhuda na 1744 a titin Mu'izz, inda hanya ta rabu biyu.

Musa Ɗan Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu nake karantawa. Malam ya ambaci Suyuɗi, ina so in tuna mana cewa ba baƙonmu ba ne. Ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Takrur, wato ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, ciki har da Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Ya rasu a 1505, kabarinsa yana kusa da unguwar Sayyida A'isha. Mansa Musa ma da ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, a Ƙarafa aka sauke shi. Tun kafin nan, a shekarun 1240, mutanen Kanem sun ba da kuɗi aka gina musu makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, masaukin ɗalibansu da alhazansu. Ita wannan babu ita yanzu, sai a littafi. Don haka in wani ya ce ina ruwanmu da maƙabartar Misirawa, akwai ruwanmu.

Amma ina da ƙari kan muhawarar. Ba katafila kaɗai ke kashe gini ba. A nan Damagaram, a Satumbar 2024, tsohon masallacinmu na unguwar Birni, na tsakiyar ƙarni na 19, ruwan sama ya kwantar da shi. Ba wanda ya yi niyyar rushe shi. Tsagewa ta daɗe a jikinsa kowa yana gani. Hasumiyar Agadas kuwa, mita 27 ta ƙasa zalla, tana tsaye saboda ba a daina yi mata yaɓe ba. Itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakan magina.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ni tsoho ne, rubutu a waya wahala yake ba ni, jikana ke taya ni. Mu a Kano da wayonmu ganuwa tana da tsayin da yaro in ya hau yana hango gari. Ba rana ɗaya ta tafi ba. Wannan ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, wancan ya yanki fili ya kafa shago, wani ya zuba shara. Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Sabuwar tana da faɗi, mota tana wucewa, ban ce ba ta da amfani ba. Amma duk wanda ya san ta da ya san ba ita ba ce. Injiniya, ɗana, maganarka ta rayayyu gaskiya ce. Abin da nake roƙon ku masu aikin nan, ku riƙa zuwa da ƙafa ku ga wuri, ku zauna da mutanensa, kafin ku ja layi a takarda.

Injiniya Kabiru:
Ranka ya daɗe Baba, na karɓa, Allah ya ƙara lafiya. Maganar Musa kuma ita ce ta fi kama ni, don a nan ne aikina yake. In da za a ba ni kuɗin gyaran tsohuwar Alƙahira, ba ƙubba zan fara taɓawa ba, bututu zan fara bi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso a unguwannin nan, yawancinsa yoyon bututun ruwan sha ne da na magudana. Dutsen da suka yi gini da shi farin dutsen Muƙaɗɗam ne, yana shan ruwa. Ruwan ya hau jikin bango da gishiri a cikinsa, ya bushe, gishirin ya daskare a cikin ƙofofin dutsen ya riƙa fasa shi daga ciki. Duk wanda ya je ya duba gindin bangaye daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum, zai ga fari-fari, in ya shafa sai gari ya biyo hannunsa. Girgizar ƙasar Oktoban 1992 da ta tsattsaga gine-gine da yawa, ta tarar da tushensu ya riga ya jiƙa ne. A kudancin Ƙarafar ma akwai kaburburan da ruwa ya kwanta a cikinsu. Wannan ba ya jawo surutu kamar rusau, amma kullum yana ci.

Zainab A.:
A nan kam bakinmu ɗaya, Yaya. Kuma gyaran ma in an yi shi ba sani yana ƙara ɓarna. Mutum ya ga bango yana zubar da gari sai ya shafe shi da siminti. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan ya ƙara hawa sama ya ɓullo inda simintin ya ƙare, dutsen da ke bayansa kuma yana ruɓewa ba a gani. Masu aikin da suka san hannunsu farar ƙasa suke kwaɓawa, su manna wa bangon wani laka mai tsotse gishiri, in ya bushe su ɓamɓare su sake, har sai ya rage. Akwai kuma gyaran da ya wuce gona da iri. Masallacin Alhakim da ke jikin Babul Futuh kango ne a da, jama'ar Bohra ta Indiya suka gyara shi a 1980, suka shimfiɗe shi da farin marmara. Masana da yawa sun ce an yi sabon masallaci ne a cikin tsohon bango. Ni ina ganin an yi asarar abubuwa a can, amma ana salla a cikinsa yau, a da kuwa ba a yi.

Malam Nuhu:
To wannan na ƙarshen shi ne ya fi mini. Masallaci don salla aka gina shi.

Musa Ɗan Damagaram:
Maganar simintin nan, 'yar'uwa, ita ce ciwonmu a nan ma. Mai gidan ƙasa ya samu kuɗi sai ya yi masa filasta don ya huta da yaɓen kowace shekara. Damina biyu uku, ruwa ya samu tsaga ya shiga baya, ƙasar ta jiƙe ba ta da hanyar bushewa, wata rana filastar ta ɓallo gaba ɗaya da rabin bangon. Tsofaffin maginanmu da makuba suke shafe bango, su gyara indararo kafin ruwan farko, su duba gindin gini kada ruwa ya kwanta. A unguwarmu waɗanda suka iya wannan aikin duk sun manyanta, yaransu kuma bulo suka koya. In akwai wanda ya san inda ake koyar da ginin ƙasa a tsare, a Nijar ko a Najeriya, don Allah ya sanar da ni, ina da ƙanne biyu magina da zan so su je.